Ƙudan Zuma Ne Ya Kore Ni Daga Fili, Ba Doka Ba

Wannan zalunci ya fara ne ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, shekara ta 2024, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma. Masu cewa ranar Lahadin wasa ya fara ba su iya lissafi ba, kuma na san yawancinsu, a ajina suka faɗi jarrabawa. A wannan Talatar ce Eleuterio Brazobán, mai askin bakin tasha wanda gari ke kira Teyo, ya sauko daga motar Santo Domingo, babban birnin ƙasarmu, rungume da takardar shaida a cikin gilashi, bayan kwas na kwana uku kan alƙalancin wasan besbol.

Ni ne Anselmo Payano, wanda gari ke kira Profe, wato malam. Shekara talatin da takwas na yi ina koyar da lissafi da tarbiyya a garin nan na Los Caimitos, kuma tun da na ajiye alli nake horar da Zakarun Tasha a gasar 'yan sama da shekara hamsin. Ba a taɓa korata daga ko'ina ba, ko aji, ko coci, ko layin banki. Yanzu kwamitin gasa ya aiko mini da takarda cewa ba zan taka fili ranar Lahadi mai zuwa ba, ranar wasan ƙarshe, wanda Zakaru suka shekara tara suna nema. Dalili wai rashin ɗa'a. Ni! Don haka nake rubuta wa kwamiti abin da ya faru daki-daki, kuma na kai wa gidan rediyon gari kwafi.

A waccan Talatar, tsautsayi ya sa ni ne mutum na farko da ya zauna a kujerar Teyo. Ya shafe mini rabin fuska da kumfa, sannan ya jingine takardar a gaban madubi.

"Profe, kalli da kyau. Nan da shekara biyu za ka kunna talabijin ka gan ni a Amurka, ina yanke wa masu miliyoyi hukunci."

Na sa tabarau na karanta. "Takardar cewa ta yi ka halarta. Ba ta ce ka ci ba."

"Duk ɗaya ne, Profe."

"Haka ka ce mini a aji uku, shekara biyu a jere."

Bai ji ba. Ya ja da baya, aska a hannu, ya fara nuna wa masu jiran layi abin da kowane jariri a ƙasar nan ya sani. In alƙali ya dunƙule hannu ya ɗaga, ɗan wasa ya mutu, ya koma benci. In ya ware hannu biyu, ya tsira. Sai kuma babbar alama, wadda ya ce dare uku yana gwada ta a madubin masauki: a wurga hannun dama sama da gefe, kamar mai jifan kare. Wannan ita ce kora daga fili. Da ya gwada ta, kumfa ta tashi ta sauka a gilashin Don Crispín, tsohon alƙalinmu na shekara ashirin, wanda ke zaune yana karanta jarida.

"Shi kuwa koci in ya fusata," in ji Teyo, "mataki uku ne. Ka saurare shi, ka gargaɗe shi, ka kore shi. Amma babban sirrin, wanda Ba'amurken malaminmu ya nanata sau uku: alƙali ba ya lashe amansa. Hannu in ya tashi, hukunci ya zauna."

"In kuskure ne fa?"

"Sai ka nemo masa lambar doka. Littafin kauri gare shi, wa zai duba?"

Ya nuna mini littafin. Da Turanci yake, harshen da Teyo bai san ko sannu a cikinsa ba. Na ce masa ni ina dubawa, ina da na Sifaniyanci tun 1987. Ya ce nawa ya tsufa. Na fita da yanka biyu a haɓa.

Da abin ya tsaya a shagon aski da da sauƙi, amma aka yi wa Don Crispín aikin yanar ido, kwamiti ya rasa alƙali, Teyo kuwa ya kai wa kowane ɗan kwamiti takardar har gida. Sai aka ba shi wasan kusa da na ƙarshe, ranar Lahadi tara ga Yuni, tsakaninmu da Kadojin Bakin Kogi. Kocinsu shi ne Fulgencio Almonte mai kemis, kompadrena, ni na riƙe 'yarsa a baftisma.

Teyo ya iso fili cikin baƙaƙen kaya sababbi, da matashin kare ƙirji wanda ya yi masa yawa, da ƙarfen kare fuska. A bayansa ga Milagros, ƙanwar matarsa, riƙe da waya, an ɗora mata aikin ɗaukar hoton wasan daga farko har ƙarshe don a aika Amurka. Tun daga nesa muka ji ƙamshi. Ya shafe kansa da wuyansa da wani man gashi haɗin kansa, man kwakwa da madin rake, wai don ya yi ƙyalli a hoto. Kowa a garin nan ya san amyoyin zumar Doña Eduviges goma sha biyu suna bayan shingen hagu na filin. Ban da Teyo.

Kadoji ne suka fara bugu. Papo Encarnación, mahauci mai shekara sittin da ɗaya, ya zo ya tsaya, yana gyara wando, ko kulkin bai ɗaga ba. Mai jifanmu ma bai gama tofa yawu a tafinsa ba. Sai na ga ƙudan zuma guda ya kutsa ta tsakanin ƙarafan fuskar Teyo. Teyo ya dunƙule hannu ya kai wa iska naushi.

Papo ya waiga.

"Teyo, me ka yi yanzu?"

Teyo ya dubi hannunsa a sama. Ya dubi wayar Milagros.

"Ka mutu!"

"Na mutu? Ba a ko jefa ƙwallo ba!"

Fulgencio ya taso daga benci da gudun da ban ga ya yi ba tun ranar da kemis ɗinsa ya kama wuta.

"Kai ɗan aski, wace doka ce wannan?"

Teyo ya ɗaga agogo. "Mataki na ɗaya, Don Fulgencio. Ina sauraro."

"Mutum ya mutu kafin a haife shi?"

"Doka ta shida, sashe na tara. Mai bugu ya yi wa alƙali kallon raini."

"Bayansa fa ya ba ka!"

"Shi ne rainin."

Na san babu wannan a doka ta shida. Kwamiti zai tambaya me ya hana ni magana. Amsar ita ce ba a tambaye ni ba, kuma shekara talatin da takwas ina koya wa yara kada su sa baki a maganar da ba tasu ba.

A zagaye na biyu ƙudan sun zama kamar biyar. A besbol, mai gudu sai ya ratsa zango uku ya dawo gida kafin a ba shi maki, in aka taɓa shi da ƙwallo a hanya kuwa ya mutu. Ɗan wasanmu Chichí, wanda gwiwarsa ta dama ta ƙarfe ce, ya taso daga zango na ɗaya zuwa na biyu. Ƙwallon ta riga shi isa da nisan da mai tsaron zangon ya samu lokacin gaishe shi da tambayar lafiyar iyali kafin ya taɓa shi da ita. Daidai nan Teyo ya ware hannu biyu yana kakkaɓe hammatarsa. Chichí ya tsira.

Fulgencio ya dawo. "Wannan kuma fa? Gwiwar ƙarfe ce ta ba shi alfarma?"

"Doka ta biyar, sashe na sha ɗaya. Mai tsaro ya ɗauke hankalin mai gudu da surutu."

"Teyo, maganin hawan jinin surukarka a hannuna yake, ka sani?"

"Mataki na biyu. Na gargaɗe ka."

"Kompadre!" Fulgencio ya ƙwala mini daga can. "Kai da ka haddace littafi, akwai wannan?"

Na ce masa na manta tabarau a gida. Gaskiya ne kuwa, na karatu na manta, na hangen nesa ne a fuskata.

Amma zuma ba ta da ƙungiya. A zagaye na huɗu ta kashe mana mutum biyu a jere, ɗaya yana ɗaure takalmi. Masu kallo sun gano abin da ake ciki, sai suka daina kallon ƙwallo suka koma kallon kan Teyo. Mai sayar da ƙanƙara yana ihu, "Ga wata nan ta hagu, Chichí, shirya mutuwa!" Matan da ke soya ayaba a bakin shinge suka bar kasko suna ƙirga ƙudan. Wata ta ce, "Teyo, cire ƙarfen nan ka wanke kai mana!" Ya ce alƙali ba ya karɓar shawara daga masu suya.

Yanzu ga inda nake son kwamiti ya buɗe kunne. Zagaye na shida, muna da uku suna da biyu, Kadoji suna da mutum a kowane zango. Mai jifanmu ya jefa, ƙwallon ta goge safar mai cafkarmu, ta yi tsalle, ta ɓace. Mai cafka ya duba gabas ya duba yamma, ya ɗaga ƙafa, ya leƙa ƙarƙashin hularsa. Kadoji uku kuwa suka zagayo gida ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen ma tafiya yake yana dafe da ƙugu. Teyo ya ɗaga yatsu uku. Ni daga benci ina hango ƙwallon, ta maƙale tsakanin matashin ƙirjinsa da tumbinsa, kamar ƙwai a ƙarƙashin kaza.

Doka a nan a fili take. Ƙwallon da ta maƙale a kayan alƙali ta mutu, kowane mai gudu zango ɗaya kawai zai ƙara. Maki ɗaya ke nan, ba uku ba. Na tashi. Ina so a rubuta yadda na tashi: na nemi a tsayar da wasa, na cire hula na riƙe a hannu, na taka a hankali. Ban yi gudu irin na Fulgencio ba.

"Eleuterio, ɗana," na ce, "duba cikinka."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kalma huɗu. Kafin in rufe baki wani ƙuda ya shige masa hannun riga. Teyo ya yi ƙara, ya wurga hannun dama sama da gefe, har ƙafarsa ɗaya ta bar ƙasa, yatsansa na nuna gonar rake. Ban taɓa ganin kora mai kyau irin wannan ba, ko a talabijin.

Fili ya ɗauki sowa. Milagros tana tsalle. "Na ɗauka, Teyo! Na ɗauka! Ta fi ta madubi!"

Teyo ya matso kusa da ni, fuskarsa ta fara kumbura a cikin ƙarfen. Ya rage murya.

"Profe, zuma ce."

"Na gani. Faɗa musu."

"Ba zai yiwu ba, Profe, ana ɗauka."

"Ina mataki na ɗaya da na biyu? Ba ka saurare ni ba, ba ka gargaɗe ni ba."

"Da gaggawa aka zo. Profe, don girman Allah ka taimake ni, ka ɗan shura mini ƙasa a takalmi. A Amurka haka koci ke yi in an kore shi, hoton zai fi armashi."

"In shura ƙasa? Ni?"

"Ko ka jefar da hular."

Na mayar da hulata a kai. Na ce masa, kuma ba na musun wannan, "Na san mahaifiyarka Doña Fefa, mace ce mai hankali. Har yau ban gane inda aka yi kuskuren lissafi ba." Wannan shi ne abin da ya rubuta a rahotonsa da sunan zagin uwa. Ina roƙon kwamiti ya karanta jimlar sau biyu. Yabon uwa ne.

Na sa hannu na zaro ƙwallon daga tumbinsa, na ɗaga ta kowa ya gani, na miƙa masa. Ya ce doka ta takwas ta hana korarre taɓa ƙwallo, don haka makin uku sun zauna. Fulgencio, kompadrena, wanda na riƙe wa 'ya a gaban bagade, ya ɗaga mini hannu daga bencinsa.

"Sauka lafiya, kompadre! Ka je ka nemo tabarau!"

Na fita a gaban mutum sama da ɗari uku, rabinsu na koya musu yadda ake shiga aji da sallama. Na zagaya bayan shinge na tsaya a gindin mangwaro, inda doka ba ta kai ba, na ga sauran.

Tun da hannun ya ɗanɗana kora, bai sake hutawa ba. Ƙudan suna ƙaruwa, hannun yana tashi, kuma duk wanda yatsan ya nuna sai ya fita. Ya kori mai ƙanƙara. Ya kori Fada Remigio, limamin cocinmu, wanda ya shigo ne kawai don ya ba shi ruwa.

"Ɗana, ni ka kora?"

"Ka yi haƙuri, Fada, hannu ya riga ya tashi. Zan zo in tuba ranar Asabar."

Ya kori akuyar mai gadin fili. Ya kori Milagros ita kanta, ta ce ba inda za ta, ta hau kan benci ta ci gaba da ɗauka. Daga ƙarshe ya kori Fulgencio yana zaune bai ce uffan ba. Sai ga shi ya zo gindin mangwaro ya tsaya kusa da ni.

"Kompadre, akwai wannan a littafi?"

"Na manta tabarau," na ce.

Zagaye na bakwai, na ƙarshe, yarana suka farfaɗo ba koci. Na ce yara, ƙaraminsu jikokinsa huɗu. Suka rama biyu, aka yi biyar da biyar. Mutum biyu sun mutu, saura ɗaya, Chichí yana zango na biyu. Mai bugunmu ya ɗirka wa ƙwallo kulki, ta wuce ta kan shingen hagu kaɗan ta daki amya ta dawo cikin fili. Ban ce da gangan ba ne. Chichí ya taso, gwiwar tana ƙara kamar ƙofar gareji. Mai tsaron hagu ya ɗauki ƙwallo ya jefo gida, yana gudu yana marin kansa. Ƙwallo na tafe, Chichí na tafe, a bayansu kuma wani baƙin hadari na ƙudan zuma na tafe, kuma dukansu wurin Teyo suka nufa.

Chichí ya zube a gida, mai cafkar Kadoji ya faɗa kansa. Kowa ya dubi alƙali. Alƙali ya dunƙule hannun dama, ya ware na hagu, ya wurga ƙafa sama.

Kadoji suka fito suna murna ya mutu. Zakaru suka fito suna murna ya tsira. Masu ganga suka rasa wa za su yi wa kiɗa, sai suka yi wa kowa. Papo mahauci ya kama rigar Teyo.

"Wanne ne? Faɗi!"

"Doka ta... doka ta... wayyo Doña Fefa!"

Ya fizge ya arce. Ya bi ta zango na uku, ya wuce na biyu, ya zagaya filin a baibai, hadarin na biye da shi, matashin ƙirji na dukan haɓarsa. Doña Eduviges ta fito daga bayan shinge da gwangwanin hayaƙi tana bin su duka.

"Tsaya, ɗan banza, za ka gajiyar mini da dabbobi! Wa ya ce ka shafa madi a ka?"

Bai tsaya ba sai a kwamin shayar da shanu na bakin gonar rake, inda ya faɗa da kayansa duka, ƙarfen fuskar kawai ke leƙowa. Daga cikin ruwan ma hannun ya sake tashi sau ɗaya. Saniyar da ke sha ta juya ta tafi.

Da aka rasa mai yanke hukunci, sai aka je wurin Don Crispín a cikin 'yan kallo, ido ɗaya a naɗe da bandeji. Ya ce da ɗayan idon ya ga yatsan Chichí ya taɓa gida kafin a taɓa shi. Fulgencio ya ce ido ɗaya rabin shaida ne. Don Crispín ya ce rabi ya fi abin da aka samu tun safe. Muka ci, shida da biyar.

Ranar Litinin kwamiti ya zauna. Ya soke korar Fada, da ta Fulgencio, da ta mai ƙanƙara. Akuya ma an ce ta koma kiwonta. Tawa kaɗai aka bari, wai ita ce ke cikin rahoto a rubuce, domin Teyo ya rubuta ta tsakanin zagaye na shida da na bakwai, kafin yatsunsa su kumbura su kasa riƙe biro. Dokar gasa kuwa ta ce kocin da aka kora a rubuce ba ya zama a wasa na gaba. Na je har gidansa. Yana kwance, fuska kamar kabewa, ido a rufe.

"Eleuterio, ka faɗa wa kwamiti zuma ce."

"Profe, a ɗakin nan, tsakanina da kai, zuma ce. A waje, doka ta tara ce."

Hoton Milagros bai je Amurka ba, amma ya shiga kowace waya a lardin nan. 'Yan acaba in sun wuce ni sai su saki hannu ɗaya su wurga sama. Jiya na leƙa kicin in tambayi ko abinci ya nuna, matata Ramona, bayan shekara arba'in da ɗaya na aure, ko juyowa ba ta yi ba, ta wurga ludayi ta nuna mini ƙofa.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba. A soke takardar dakatarwa kafin ranar Juma'a, a cire kalmar rashin ɗa'a daga gefen sunana. Ranar Lahadi, kafin a jefa ƙwallon farko, Eleuterio Brazobán ya tsaya a tsakiyar fili da lasifika, kansa a wanke da sabulu, ya faɗa da bakinsa a gaban gari cewa Profe Anselmo Payano kalma huɗu ya faɗa, hula a hannu, cewa maki ɗaya ne ba uku ba, kuma ƙudan zuma ne ya kore shi, ba doka ba. Ya ce ya tuba, ya faɗa da ƙarfi yadda masu suya a bakin shinge za su ji. Kuma ina so a ɗaure masa hannu biyu a baya har ya gama.